Ƙofa a Wayar Sharafaddeen

Tsakuwa ta farko ta faɗo a kan kwanon ɗakin Hawwa ana tsakiyar kiran sallar magariba. Kaka ce, dammunan gero suna jibge a bakin rumbu ba a kai ga zuba su ba, kaji sun shige akurki, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Hawwa tana tsugune tana rufe tukunyar tuwo da faifai. Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta mayar. Ta biyu ta faɗo, can ta uku, a hankali, da tazara, irin jifan wanda ba ya sauri. Mijinta Sodangi ya ajiye buta ya zagaya bayan katanga, bai tarar da kowa ba sai karan dawa a tsaitsaye. Ya dawo ya ce yara ne. Ya ɗauki butarsa ya koma alwala.

Gidan yana ƙarshen ƙauyen Boko ta ƙasar Kusada, daga shi sai gonaki da wata tsohuwar tsamiya. Mutum uku ne a ciki: Sodangi, da Hawwa, da ɗiyarsu Adawiyya mai shekara sha shida. Da su huɗu ne. Na huɗun, Sharafaddeen, ya rasu tun farkon damina, kuma tun daga ranar gidan ya koma wurin da ake ci, a yi salla, a kwanta, ba tare da wani ya tambayi wani yadda ya yini ba.

Sharafaddeen yaro ne mai ƙulafucin sabon abu. Yana taya abokinsa Dalhatu aiki a rumfar gyaran waya a Kankia, kuma a can ya kamu da son burauza, manhajar nan da ake shiga intanet da ita. Shi ba ya jiran wadda aka kammala. Ta gwaji yake sawa, wadda suke ce wa beta, wadda maƙeranta ke saki don masu karambani su taɓa su ga inda take da matsala kafin a ba kowa. Dalhatu kan ce masa mai lasar miya tun tana kan wuta. Duk bayan 'yan kwanaki sai an turo sabuwa, shi kuma sai ya kai Kankia inda sabis ke da ƙarfi ya sabunta, ya dawo yana murna kamar an yi masa ɗinkin salla.

Ranar da abin ya faru yana zaune a kan kifaffen turmi yana danne-danne, mahaifinsa ya aike shi ɗauko taki da babur. Cajin wayar ya yi ƙasa, sai ya jona ta a ƙaramar solar gidan, ya ce yanzu zai dawo. Mota ce ta kwashe shi a kan hanya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Hawwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba, mata suka yi ta yabon dauriyarta. Ɗan fari ne, ita kuma ta ɗauki kunyar ɗan fari da gaske, fiye da matan yanzu. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In tana son aikensa sai ta ce wa Adawiyya, je ki ce wa wancan ya zo, ko ta yi gyaran murya ta dubi wani wuri, shi kuwa ya taso ya durƙusa nesa da ita. Haka ta taso ta ga ana yi, haka ta yi, ba ta taɓa zaton akwai ranar da abin zai tsaya mata a maƙogwaro ba.

Bayan an share makoki ta ɗauko wayar daga inda aka ajiye ta, har lokacin tana jone. Ta taɓa, fuskar ta kawo haske. Hawwa ba ta yi boko ba, sai ta kira Adawiyya ta karanta mata. Burauzar tana buɗe, a layin da ake rubuta abin da ake nema akwai kalmomin da bai ƙarasa ba: maganin ciwon gwi. A ƙarshensu wani ɗan siririn tsinke yana ƙiftawa, ya ɓace ya dawo, ya ɓace ya dawo, daidai inda yatsansa ya tsaya. Hawwa ta shekara biyu tana fama da gwiwa, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, in za ta tashi ma sai ta jira ya bar tsakar gida. Ashe yana gani. Ta karɓi wayar ta shige ɗaki da ita.

Daga ranar wayar ta zama ba mai taɓa ta. Da rana tana jone, da yamma tana ƙulle a haɓar zanin Hawwa. Ba ta taɓa barin ta ta mutu ba. Bayan 'yan kwanaki wani jan ɗigo ya fito a kusurwa da ɗan rubutu a ƙarƙashinsa. Dalhatu da ya zo gaisuwa ya duba, ya ce sabuntawa take nema, an turo gyara na tsaro. Hawwa ta tambaye shi, in an yi, rubutun yana nan? Ya ce gaskiya burauzar za ta rufe ta sake buɗewa, abin da ba a ƙarasa rubutawa ba kuwa ba ya dawowa. Ta miƙa hannu, ya ba ta. Damina ta shiga ta fita, jan ɗigon yana nan, tsinken yana ƙiftawa.

Abin da Sodangi bai sani ba, da ya zagaya katanga yana neman yara, shi ne abin da matarsa ta yi a magaribar jiya. Ta rufe tukwane, ta rufe randa, ta ja ƙofar zaure da bisimilla kamar kullum, don Hawwa ko cokali ba ta bari a waje in rana ta faɗi. Sannan ta shiga ɗaki ta sa sakata, ta kunto wayar, ta kai ta dab da bakinta. Ta daɗe tana kallon tsinken. Sai ta kira sunan, a karo na farko a rayuwarta, ƙasa-ƙasa, harshenta yana tuntuɓe a kansa. Ta kira, ta sake kira. Babu abin da ya amsa a ranar.

A yammaci na uku da fara jifan, Adawiyya ta fito daga madafa da ƙwaryar fura. Ta tsaya cak a tsakiyar gida. Ƙwaryar ta zame ta kife, ba ta dube ta ba. Ta juya ta nufi kifaffen turmin ta zauna, ta ware ƙafafu, ta dafa gwiwa da gwiwar hannu, zaman da ba na mace ba. Ta buɗe baki, murya ta fito mai kauri, wadda duk wanda ke gidan ya sani.

"Na'am."

Sodangi ya yi salati ya jingina da bango. Hawwa tana bakin ƙofar ɗakinta, hannunta a kan ƙullin zani, ba ta motsa ba.

Haka abin ya zauna. Kullum in ladan ya ɗaga murya sai tsakuwa ta fara sauka, Adawiyya ta sandare, ta je ta hau turmi. Ba ta duka, ba ta fisge-fisge. Hira kawai muryar take yi, irin ta yau da kullum: an ɗaure akuya, wa ya ɗauki hular da ke rataye a ƙusa, geron bana ya fi na bara ido. In an kira isha'i sai yarinyar ta sulale ƙasa, ta farka ba ta san abin da aka yi ba, tana riƙe da wuya. Maƙogwaron 'yar shekara sha shida ba a yi shi don ɗaukar muryar namiji ba. Kafin a gama zuba gero a rumbu ta fara tofar da jini. Ta daina zuwa Islamiyya, tuwo ya daina wuce mata, sai kunu, shi ma da ƙyar. Ta rame har awarwaronta yana zuwa gwiwar hannu.

Sodangi ya yi abin da ya sani. Ya yi hayaƙin habbatus sauda, ya karɓo rubutu, ya kai yarinyar asibiti aka duba aka ba da magani, ba abin da ya sauya. Amma akwai abin da ya fi jinin tayar masa da hankali. Ya lura Hawwa ta koma dafa tuwo tun la'asar sakaliya, don kada magariba ta same ta a murhu. Ya lura tana share gefen turmin, tana shimfiɗa tabarma kusa da shi, kusa sosai, kusancin da ba ta taɓa yi da mai muryar ba yana raye. Ba ta magana, sauraro kawai take yi. Wata safiya ya tsaya a kanta tana wanke-wanke, ya ce, Hawwa, yarinyar nan mutuwa za ta yi. Ta ce Allah Ya sawwaƙe, ta ci gaba da cuɗa kwano. A ranar ya aika wa Dalhatu ya je Kunduru da babur ya ɗauko Malam Jaji.

Malam Jaji ɗan tsamurmurin tsoho ne, ba ya ɗaga murya, ba ya yawo da bulala kamar wasu masu ruƙiyya. Sun iso da sauran rana. Ya zagaya gidan a hankali, ya dubi randa a rufe, tukwane a kife, ƙofofi duk da sakata. Ya ce ikon Allah, ya daɗe bai shiga gidan da ake kiyaye magariba irin wannan ba. Suka yi salla a zaure shi da Sodangi da Dalhatu, tsakuwa tana sauka a kansu ɗaya bayan ɗaya. Da suka shigo Adawiyya tana kan turmi, Hawwa tana kan tabarmarta.

Malam ya zauna a ƙasa ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, duhu yana ƙara sauka, har fuskoki suka fara ɓacewa Sodangi ya kunna fitila. Sai jikin yarinyar ya ɗauki rawa, muryar ta ce a daina, ana ƙona ta. Malam ya tsaya ya tambayi ko wane ne. Muryar ta ce a tambayi mai kira. Malam ya ce shi mamaci ba ya dawowa, wannan kowa ya sani, don haka a bar wasa. Aka yi wata 'yar dariya marar daɗi, sannan muryar ta sauya, ta zama ta wani tsoho da ba a san shi ba. Ya ce shi mazaunin tsamiyar bayan gari ne, tun kafin a kafa gidan yake nan, bai taɓa taka shi ba.

"To ta ina ka shigo?" in ji Malam.

"Gidan ga ba shi shiguwa. Matar ga ta rufe komi da sunan Allah. Ƙofa guda ta bari, wata da watanni tana buɗe, ta kuma tsaya bakinta da magariba tana kiran suna. Mai sunan ba shi amsawa. Ni na ji tausai na amsa."

Adawiyya ta nuna ƙullin zanin uwarta da haɓa.

Sodangi ya juya ya dubi matarsa. Hawwa ta kunce ƙullin ta fito da wayar, hasken ya haske mata fuska, jan ɗigon yana kusurwa. Malam Jaji ya ce shi bai san kan waya ba, tasa ta kira ce kawai, sai ya tambayi Dalhatu ko abin nan yana da ƙofa. Dalhatu ya share hawaye da bakin riga, don tun da muryar abokinsa ta fito yake kuka. Ya ce shi bai san ta aljanu ba. Abin da ya sani, kowace burauza tana da kafofin da ko maƙeranta ba su san da su ba sai daga baya, ta gwaji kuwa ta fi kowace, don gini ne da ba a gama yaɓe ba. In an gano kafa sai a turo abin toshewa, shi ne sabuntawar. Wadda aka bari tun farkon damina kuwa, duk ɓarawon da ya san hanya zai iya shiga. Malam ya gyaɗa kai, ya ce ya isa. Abin da shi ya karanta shi ne shaiɗan ba ya buɗe ƙofar da aka rufe. Sai a rufe, kuma wanda ya bar ta a buɗe shi zai ja ta.

Nan aljanin ya fara ciniki, kuma ba da Malam ya yi ba. Muryar Sharafaddeen ta dawo, a tausashe. Ya ce zai daina jifa. Ya ce ba sai kullum ba, daren Juma'a kawai, tsakanin magariba da isha'i, yarinyar za ta huta sauran kwanakin ta yi ƙiba. Ya ce a bar wayar yadda take, ba abin da ya roƙa sai wannan. Malam ya buɗe baki zai koma karatu, Hawwa ta ɗaga hannu. Ba ta taɓa katse namiji ba sai ranar.

"Malam, na san ba shi ba ne," ta ce, muryarta ba hawa ba sauka. "Tun ranar farko na sani. Shi ba ya amsa mini da baki, tasowa yake yi."

Malam ya ce to me ya sa ta bari. Ta ce muryar dai tasa ce.

Aljanin ya ga ya samu wuri, ya ci gaba, yana tambayarta ya gwiwar, yana cewa zai faɗa mata maganin da yake nema mata ranar. Hawwa ta karkata gaba, bakinta a ɗan buɗe. Ana cikin haka maganar ta sarƙe, tari ya turnuƙe yarinyar, jini ya ɓullo a gefen bakinta. Idanunta suka dawo na ɗan lokaci, nata na gaske, a firgice. Wata 'yar siririyar murya ta fito daga ƙasan waccan.

"Inna, ruwa."

Abin da Hawwa ta ji a ranta a wannan lokacin ba tausayi ba ne. Haushi ta ji. Haushin an katse masa magana. Ya zo mata kafin ta iya tare shi, ta kuma gan shi sarai, ta san mene ne. Ɗiyarta tana tofar da jini tana roƙon ruwa, ita kuma tana jira ta yi shiru. Duk tsawon watannin nan ba ta ji tsoro ba, ko da tsakuwa, ko da muryar, sai yanzu, kuma kanta ta ji wa tsoron.

Ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyin suka yi ƙara a gaban kowa. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta ba Sodangi ya riƙe wa yarinyar, sannan ta tambayi Dalhatu ina ake dannawa. Ya tura wa layin wayar data daga tasa, ya nuna mata wurin, ya ce amma sabis ba ya kamawa sai a gindin rumbu, kuma sai an ɗaga hannu. Ta taka zuwa can. Ta dubi kalmomin da ba ta iya karantawa, ta dubi tsinken ya ɓace ya dawo. Ta yi bisimilla yadda take yi wa randa, ta danna, ta ɗaga wayar sama.

Wani ɗan layi ya fito ya fara cika, a hankali, irin cikar tulu a bakin rijiyar rani. Malam ya koma karatu. Tsakuwa ta ɓarke a kan kwano kamar ƙanƙara. Muryar ta yi ta kiranta, tana cewa kada ta kore shi, yanzu fa suka fara magana, shekara ashirin da biyu bai ji sunansa a bakinta ba. Hawwa ba ta waiwaya ba. Hannunta ya gaji ta tallafe shi da ɗayan. Ta jingina kafaɗa da rumbun. Ba ta yi kuka ba, idonta yana kan layin.

Da ya wuce rabi Malam ya tsagaita, ya ce wa aljanin ƙofar da ya shigo ta kusa rufuwa. Ko ya fita yanzu da ƙafarsa, ko ta rufe da shi a ciki, shi kuma Malam ba inda za shi, zai kwana yana karatu. Muryar tsohon ta dawo, ba sauran taushi a cikinta. Ya ce a yi masa alkawari ba za a sare tsamiyar ba. Sodangi ya ce ba mai taɓa ta. Malam ya sa shi ya rantse ba zai sake kusantar yarinyar ba, ya rantse. Adawiyya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, ta sulale a hannun mahaifinta. Jifan ya tsaya. Can cikin gari ladan ya fara kiran isha'i.

Fuskar wayar ta yi duhu, ta sake kawowa. Jan ɗigon ya tafi. Layin rubutun yana nan fari fat, ba komai a ciki. Hawwa ta sauke hannu ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa wa Dalhatu, ta ce ya tafi da ita, a sa cikin kayan gado. Ta zauna a nan gindin rumbun.

Adawiyya ta warke. Kafin sanyi ya shigo ta koma cin tuwo, ta koma Islamiyya, awarwaron ya dawo wuyan hannu. Muryar ce kawai ba ta koma yadda take ba. Ta dushe, ta yi kauri, an sha zuma an sha citta, ta zauna a haka. Ba ta tuna komai, kuma ba wanda ya faɗa mata abin da aka yi ciniki a kansa.

Wata magariba Hawwa tana tsugune a murhu, ta ga ba ta ga yarinyar a tsakar gida ba. Ta kira sunanta. Daga cikin ɗaki aka amsa, na'am, da wannan dusasshiyar muryar mai kauri. Hannun Hawwa ya tsaya a kan faifai. Ta kasa kunne, ta auna amsar a ranta har ƙarshenta, ta tabbatar ta Adawiyya ce, ba ta kowa ba. Yarinyar ta leƙo ta ce, Inna, ga ni, mi za a yi?

Hawwa ta ce ba komai, ta zo dai ta zauna kusa da ita. Ta ja faifan ta rufe tukunyar.